Atamfar Bangon Gwaggo

Allah ne Ya ba mu ita, Shi ne kuma Ya karɓi abarsa. Wannan ban ja da shi ba, ba kuma zan ja ba. Amma akwai abin da ban yarda da shi ba, shi zan faɗa a nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta rasu wata Asabar da hantsi, a tsakiyar sanyin bana. A ɗakinta aka yi zaman makoki, hawa na uku a wani dogon gidan kansil, wato hukumar unguwa, da ke Tottenham. Mutane sun zo, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Daga Lewisham an zo, daga Stratford an zo, har da waɗanda suka zo Landan sayayya da kuɗin man fetur ɗin nan da ya ɓarke a gida, suka ajiye akwatunansu a otal suka hau bene suna haki.

Wata matar babban ma'aikaci, hannu duk warwaron zinare, ta share ido ta ce, "Baiwar Allah! Ban taɓa jin ta yi kukan komai ba." Wani likita ɗan garinmu, wanda ya shekara bakwai yana cin tuwonta duk Lahadi, ya girgiza kai ya ce, "Ɗakin nan kullum ka shigo sai ɗumi da ƙamshi." Wani ɗalibi kuwa kuka yake wiwi, yana tambayar wa zai sake yi musu miyar kuka a ƙasar nan.

Ni ina bakin ƙofa. A ce mini ya haƙuri, in ce da godiya. A ce Allah Ya jiƙanta, in ce amin, Allah Ya ba da lada. Cikina kuwa tafasa yake. Dukansu suna zaune ne taku ɗaya daga bangon da aka lulluɓe da atamfa shuɗiya tun daga sama har ƙasa, kuma babu mai hankali ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambaya, me ya sa tsohuwa za ta kafe atamfarta mai tsada a bango da ƙusa?

Bari in fara gaya muku wace ce ita, don kada a manta.

Ta zo ƙasar nan ne da mijinta, wanda yake dafa abinci a wani masaukin ɗalibanmu. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu aka binne shi a nan, 'yan'uwa suka yi ta aiko da wasiƙa ta koma gida, ta ce ita ba ta barin bawan Allah shi kaɗai a ƙasar da ba wanda ya san sunan ubansa. Ni na iske ta ne da na zo koyon aikin jinya. A masaukin asibiti nake kwana, ranar hutuna kuma a wurinta nake yini. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta iya kama sunana. Uwata take ce mini, ko da kuwa faɗa take yi mini.

Duk wata, kansil kan zuro wata takarda ta ƙarƙashin ƙofa, mai ɗauke da sanarwar unguwa. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ba ta wasa da takardar nan. Ita a wurinta kansil En'e ce, hukumar gargajiya irin ta gida, ba ta taɓa kiranta da wani suna ba. Sai ta adana takardar a ƙarƙashin tire har in zo, ta ce, "Uwata, karanta mini, me En'e ta ce?" In karanta sau ɗaya, ta haddace tsaf. Sai ta yafa mayafi a kan rigar sanyi, ta bi ƙofofin mutanenmu da ke gidan ɗaya bayan ɗaya tana shela. Kwasar shara ta koma Talata. Motar gishiri za ta bi titi gobe, a ja wa yara kunne. Za a ɗauke ruwa ranar Alhamis da safe, kowa ya tara. An buɗe zauren unguwa don tsofaffi su je su ji ɗumi, da shayi kyauta.

Wannan ta ƙarshen, ita ta fi kowa yaɗa ta, ita ce kuma ba ta taɓa zuwa ba. Na ce mata, "Gwaggo, ke ma ai ki leƙa." Ta kalle ni sheƙeƙe ta ce, "In je in zauna a miƙo mini shayin sadaka? Ina da hannu, ina da buta."

Maganar gishiri kuwa da rigima ta fara. Shekararta ta farko, ta leƙo ta taga ta ga wasu ƙarti uku suna watsa gishiri a ƙasa da shebur. Ta sauko a fusace ta tare su da Hausa tsagwaronta, wai ba su tsoron Allah, abin miya suke zubarwa a taka. Suka tsaya baki buɗe. Da mijinta ya fahimtar da ita cewa don kada ƙanƙara ta kayar da mutane ne, kunya ta kama ta, ta kwana biyu ba ta leƙa taga ba. A rana ta uku ta sauka da butar shayi da ƙosai a kwano. Tun daga nan duk shekara sai sun tsaya a ƙofar gidan, kuma matakalarsa ta fi ta kowa samun gishiri a layin.

Aminiyarta ita ce maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, wadda a bakinta mace da namiji duk ɗaya ne, kowa "ka" ne, kowa "shi" ne. Kullum suna musu a kan wa ya fi iya yaji, kullum kuma kwanonsu na hanya tsakanin ɗakunan biyu.

To, farkon sanyin nan wani bututun ruwa ya fashe a cikin bangon ɗakin Gwaggo. Bango ya fara gumi, fenti ya kumbura, sai baƙar fumfuna ta fito ta mamaye shi tun daga rufi har ƙasa. Hitar da ke jikin bangon, mai ɗumama ɗakin, ita ma ta mutu. Na rubuta wa kansil sau uku. Da Gwaggo ta ji, faɗa ta yi mini. "Kin kai ƙarar En'e wurin En'e? Ke wace irin yarinya ce mai neman magana?" A karo na uku aka amsa. Takarda ta zo cewa za a turo mai dubawa ranar Alhamis da ƙarfe goma.

Ina gama karantawa na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Duba-gari ke nan."

Wanda bai tashi a gida ba, ba zai san nauyin wannan suna ba. Duba-gari shi ne mutumin nan mai kaki da ke shiga gidaje da ludayi, ya leƙa randa, ya leƙa makewayi. In ya ga tsutsa a ruwa sai ya fasa randar a tsakar gida, a kai maigida gaban alƙali. Gwaggo tana yarinya aka fasa randar mahaifiyarta, matan unguwa na leƙe ta katanga, aka shekara ana yi musu gori. Shekara hamsin da wani abu ba su goge mata wannan ba.

Ranar Laraba na zo na tarar ta wanke ɗaki ƙal, ta aro hitar kananzir a wurin maƙwabciya, ta fito da kaskon turare. A kan gado ga atamfa shuɗiya, turmi guda, wadda marigayi mijinta ya saya mata ba ta taɓa ɗinkawa ba. Ga ƙusoshi a faranti, ga guduma.

Na ce, "Gwaggo, wannan ba irin na gida ba ne. So ake ya ga ɓarnar da idonsa, sannan a gyara."

Ta ce, "Wane mahaukaci ne zai nuna wa hukuma ƙazantarsa?"

"Ai ba ƙazantarki ba ce, bututunsu ne!"

"A ɗakin wa take? Uwata, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hau kujerar nan."

Na ƙi. Ta ce to, ta jawo kujera ta ɗora ƙafa ɗaya a kai za ta hau. Me zan yi? In tsaya tsohuwa ta faɗo ta karye? Na karɓi gudumar na hau. Da hannun nan nawa na kafa ƙusoshin, ɗaya bayan ɗaya, tana ƙasa tana ce mini in ja ta dama ya miƙe.

Washegari duba-garin ya zo. Dogo ne, da safar hannu ta fata, da allon da yake ɗora takarda a kai. Ɗaki ya ɗau ɗumi, turare na tashi. Gwaggo ta ba shi kujera mafi kyau, ta zuba masa shayi da kanta. Ya tambaya, ni ina fassara, ko akwai abin da ke damunta a ɗakin. Ta ce, "Ki ce masa lafiya lau, mun gode wa hukuma." Ta kafe ni da ido. Na faɗa masa kamar yadda ta ce.

Ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Mutumin nan ya tashi ya je jikin bangon. Ya sa bakin alƙalaminsa ya ɗaga gefen atamfar daga ƙasa. Ya gani. Na rantse da Allah ya gani, don ina tsaye a bayansa, ruwa na bin bangon kamar hawaye. Ya ɗago ya dube ni, ya saki zanen, ya fito da hankici ya goge alƙalaminsa, ya ce kai, wannan yadi na da kyau. Na buɗe baki ke nan Gwaggo ta mintsine ni a cinya.

Na bi shi har matakala na gaya masa komai da Turanci. Bai ko tsaya ba. Ya ce ita ce mai ɗaki ba ni ba, ta kuma ce ba ta da ƙorafi, masu jira kuwa suna da yawa. Ina jin ƙarar takalminsa har ƙasa.

Bayan mako guda kwafin takardarsa ya iso. Ɗaki busasshe, da ɗumi, da tsabta, mai ɗaki ba ta da kuka, babu buƙatar gyara. Na karanta mata. Kun san abin da ta yi? Guɗa ta rangaɗa. Ta ce, "Kin gani ko? Mun ci!" Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin matashi, kamar wadda aka ba lambar yabo. Duk abin da ya faru a shekarar nan, babu wanda ya ci mini rai kamar guɗar nan.

Hita ta koma wurin mai ita. Dusar ƙanƙara ta sauko, 'yan kwasar shara suka tafi yajin aiki, buhunan shara suka taru a bakin titi har suka fi mutum tsawo, ofishin kansil kuwa in ka buga waya sai ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Gwaggo na kwana da rigunan sanyi uku. Na sayo mata ƙaramar hitar kananzir, ta ce warin kananzir na sa ta tari, sai in baƙi za su zo take kunnawa. Baƙin kuwa ba su fasa zuwa ba. Su zo da manyan riguna da labarin kwangila, su ci tuwo su side hannu, su ce Gwaggo ɗakinki daɗi, su tafi. Suna fita ta kashe.

Tari ya zama zazzaɓi, zazzaɓi ya kama ƙirji. Ranar da na kai ta asibiti ma sai da muka yi faɗa, wai ba ta share ɗaki ba. Kwananta biyar. Ranar Juma'a bayan azahar ta kamo hannuna ta ce, "Uwata, mutane za su zo. Kada ki bari a cire zanen nan. Ki rufa mini asiri." Na ce to. Ta ce in yi alkawari. Na yi.

Kwana uku da rasuwarta, muna zaune, sai ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Wannan karon ba su yi jinkiri ba! Wai sun sami labari, suna taya mu baƙin ciki, kuma za a turo mai dubawa ya ga ɗakin don a ba wani. Na duba sa hannun da ke ƙasa. Duba-garin nan ne.

Na sa mayafi na sauka akwatin waya na bakin titi. Na ce musu ranar Juma'a da ƙarfe biyu da rabi ce kaɗai za mu iya buɗe masa ƙofa. Ranar sadakar bakwai ke nan, bayan an sauko daga masallaci. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ran nan ban kunna hita ba, ban sa turare ba. Mutane suka cika ɗaki suna hura hannu, suna kallon juna, matar nan mai warwaro har tana toshe hanci da gefen mayafi. Da ya ƙwanƙwasa, ni na buɗe. Na tarbe shi da fara'a. Na ce a al'adarmu ba a shiga wurin addu'a da takalmi, wannan gaskiya ce. Na ce ba a kuma shiga da kwat, wannan ni na ƙirƙiro, Allah Ya yafe mini. Na karɓi kwat ɗin na rataye. Na ratsa da shi cikin mutane na zaunar da shi a ƙasa, a wurin manyan baƙi, bayansa manne da atamfar. Mutane suka matso suka cike gabansa, ba shi da inda zai motsa. Na raɗa masa cewa ba a tashi sai malam ya shafa.

Malaminmu kuwa, Allah Ya ƙara masa lafiya, ba ya gajarta addu'a. Ni ban rufe ido ba. Ina kallon mutumin nan yana mutsu-mutsu, yana ƙoƙarin raba bayansa da bango, leɓɓansa na komawa shuɗi. Na ce a raina, minti arba'in ne kawai, ɗan nema. Ita wata biyu ta yi.

Ana shafa fatiha na miƙe. Na zaro takardar da Gwaggo ta ajiye a ƙarƙashin matashi, na miƙa masa na ce ya karanta wa jama'a. Ya ƙi karɓa. Na karanta da kaina, da Turanci, na sake da Hausa. Busasshe. Da ɗumi. Babu buƙatar gyara. Sannan na taka na kama gefen atamfar da hannu biyu. Maƙwabciya ta gane abin da zan yi, ta ɗaga murya ta ce, "Kai yarinya, kar ka yi!" Na ji ta sarai. Na fizga.

Ƙusoshi suka yi tsalle, fenti ya zubo masa a ka. Bangon ya fito baƙi ƙirin, yana naso, wari ya bugi kowa. Wata ta yi salati. Da mutumin ya zabura ya miƙe, kowa ya ga bayan farar rigarsa, jiƙe sharkaf, baƙi kamar gindin tukunya.

Ya fara in'ina, wai ita ce ta ce ba ta da ƙorafi. Na ce, "Ita ta ce. Alƙalaminka fa, me ya gani? Har hankici ka sa ka goge shi."

Likita ya taso ya dafa bangon, ya dubi tafin hannunsa, ya ce inna lillahi. Na juya kansa shi ma, don ba duba-garin kaɗai nake bi ba. Na ce, "Likita, shekara nawa kana zama a nan? Ka ji tarinta ko ba ka ji ba? Ku duka, kun ci tuwonta, kun sha furarta, wa ya taɓa zuwa ba tare da ya aiko yana tafe ba, ya ga yadda take kwana?" Ba wanda ya ɗaga kai. Ban tsame kaina ba, na gaya musu ni na kafa ƙusoshin.

A nan tsaye, ba kwat ba takalmi, mutumin ya rubuta sabuwar takarda. Likita ya rubuta tasa wasiƙar, duk mai iya sa hannu ya sa. Daga baya na ji an ɗauke shi daga duba gidaje an mai da shi wani lungun ofis. Wasu na ce mini in yafe, ya ga ishara. Ban yafe ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma wannan yayyafi ne kawai, sauran yana gaban Allah.

Sai dai ramuwar ba kyauta na same ta ba. Da mutane suka watse, maƙwabciya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bangon, ta ce, "Shi ya roƙe ka abu ɗaya. Ko kwana bakwai bai cika ba ka tona shi asiri gaban duniya." Ta shige ɗakinta ta rufe. Wata guda ina gaishe ta ba ta amsawa. Ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa. Matar da ta rayu ba wanda ya taɓa ganin gazawarta, yau daga Tottenham har Lewisham labarin bangonta ake yi, kuma ni na jawo.

Masu ta'aziyya kan ce Allah Ya sanyaya makwancinta. Na san alheri suke nufi, ina kuma amsawa da amin, amma ni bakina ya kasa faɗin haka. Sai in ce Allah Ya yalwata mata, Ya haskaka, Ya ba ta ɗakin da ba sai ta rufe komai ba.

Shekaranjiya, washegarin sadakar arba'in, na je kwashe sauran kayanta, sai na tarar da takardar wata a ƙarƙashin ƙofa. Kansil na sanar da cewa za a duba bangon kowane ɗaki a gidan ranar Talata. Na tsaya da ita a hannu. Babu mai shela kuma. Na yafa mayafin Gwaggo na bi ƙofofin da take bi. Duba-gari zai zo Talata. Kada kowa ya goge bango, kada a sa turare, kada a aro hita. A bar masa ɗaki yadda ake kwana a cikinsa.

Ƙofar maƙwabciya na bari a ƙarshe. Na ƙwanƙwasa, na yi sallama, na faɗi saƙona ina kallon ƙasa, na juya zan tafi. Sai na ji ta kamo mayafina. Ta ja ni har cikin ɗaki. A bangon da ke kan gadonta akwai wani babban zane mai ratsin ja da rawaya, wanda na sha gani ina yabawa. Ta jawo kujera ta ajiye a gabansa, ta yi tari har sai da ta dafa gado, sannan ta ce, "Ka hau. Hannuna ba ya kai."

Na hau. Ƙusar farko da na zare na ce, Gwaggo ki yafe mini. Ta biyu na ce, shi kuwa duba-gari Allah Ya isa. Haka na yi ta yi har zanen ya faɗi.